Haske ya tashi ninki huɗu a gwajin lusifares, ko ganyen ya kunna furomota kenan?

Tambayar daga wata ɗaliba ce mai karatun digiri na biyu, ga ta a taƙaice: ta yanko furomota, wato makunnin ƙwayar gado ta gamma-gulobin da ke cikin himogulobin na jarirai, ta liƙa ta a gaban ƙwayar gadon lusifares, enzayim mai fitar da haske, cikin filasmid (ƙaramin zoben DNA) mai suna pGL3-Basic, ta cusa cikin sel na HEK293T tare da pRL-TK, filasmid na biyu mai ɗauke da lusifares na wata halittar teku mai suna Renilla a ƙarƙashin furomotar TK, sannan ta zuba ruwan wani ganye da masu maganin gargajiya ke bai wa masu sikila. Da ta raba lambar lusifares na makesu da ta Renilla sai ta ga ya tashi ninki huɗu, shi ne take tambaya ko za ta iya rubutawa cewa ganyen yana kunna himogulobin na jarirai, wato HbF, wanda yawansa ke rage tsananin sikila.

Ƙanwata sannu da ƙoƙari, kuma Allah ya sa wa aikin albarka, don duk wanda ya taɓa zama da mai sikila a daren da ciwo ya tashi ya san dalilin da ya sa ake neman abin da zai ɗaga HbF ido rufe. Amma kar ki rubuta wannan jimlar tukuna. Ba wai na ce ganyen ba ya aiki ba ne, a'a, gwajin da kika yi ne bai kai ya faɗa mana komai a kan hakan ba, kuma gara ki ji daga nan da ki ji a ranar kare aiki a gaban malamai.

Ki fara tuna me na'urar take gani. Luminomita ba ta san furomota ba, haske kawai take ƙirgawa. Furomota kamar makunnin fitila ce, ke kuma abin da kika yi shi ne kin ciro makunnin daga bangon gidansa kin ɗora a kan tebur kin jona masa wani ƙwan fitila daban don ki ga ko zai kawo wuta, ƙwan fitilar shi ne lusifares na makesu, enzayim ɗin ƙwaron nan mai walƙiya da dare, wanda in ya samu lusiferin da ATP da maganiziyam da iskar oksijin sai ya fitar da haske mai ruwan ɗorawa da kore wajen nanomita 560. Tsakanin furomota da hasken nan akwai matakai da yawa, yawan filasmid da ya shiga sel, yawan sel da suka rayu, yawan mRNA (saƙon da ake kwafowa daga DNA) da daɗewarsa, yawan furotin da daɗewarsa, sai kuma ko enzayim ɗin yana aikinsa a cikin ramin farantin gwaji lokacin karatu. Ganyenki zai iya taɓa kowanne daga cikinsu ba tare da ya je kusa da furomota ba.

To abu na farko da nake so ki yi yau ɗin nan, ba sai kin sayi komai ba, ki buɗe fayil ɗin lambobin asali kafin rabawa, ki jera na makesu a layi ɗaya na Renilla a layi ɗaya. Nan ne yawancin labarai irin naki suke ƙarewa. A ce ramin da ba a sa ganye ba ya ba da makesu 100,000 da Renilla 20,000, rabon ya zama 5. A ce ramin ganye ya ba da makesu 80,000 da Renilla 4,000, rabon ya zama 20, kin ga ninki huɗu ya fito cif alhali hasken furomotarki ma raguwa ya yi, Renilla ce kawai ta faɗi warwas. Ana sa Renilla ne don ta zama ma'auni da ba ya motsi, ta gyara bambancin shigar DNA tsakanin rami da rami, to duk ranar da maganin da ake gwadawa ya taɓa ta, rabon ya tashi daga aiki. Kuma ruwan ganye yana yawan yin haka, don da yawansu suna wahalar da sel in an cika musu, kuma furomotar TK ta fito ne daga ƙwayar cutar hafis, tana da nata abubuwan da take amsawa. Idan Renilla ta sauka da fiye da rabi a ramukan ganye ni dai ba na karɓar rabon, sai na koma na duba lafiyar sel.

Akwai ma wani abu da ya shafe ki kai tsaye tunda aikinki na jini ne. Tun 2004 aka wallafa cewa furotin ɗin gidan GATA, masu zama a kan furomota su tuƙa ta, suna ɗaga pRL-TK da pRL-SV40 da kansu, ma'ana in wani ya ba ki shawarar ki ƙara filasmid mai ɗauke da GATA don ki taimaka wa furomotar, ma'aunin naki zai motsa, wannan karon sama zai yi, sai rabon ya ɓoye aikin da yake na gaske. Haka sodiyam butiret da mutane ke son sawa a matsayin abin da aka san yana ɗaga gamma-gulobin, shi ma yana hana enzayim ɗin HDAC aiki ne kuma yana ɗaga furomotocin filasmid da yawa har da na ƙwayoyin cutar CMV da SV40, don haka komai tashi yake a ramin. Abin da ake yi shi ne a rage yawan filasmid na Renilla sosai, kashi 1 a kan 10 har zuwa 1 a kan 50 na filasmid ɗin gwaji, don kar furomotocin biyu su riƙa rububin furotin ɗaya, sannan a samu ma'auni na biyu wanda bai dogara da furomota ba, kamar jimillar furotin a ruwan da aka fasa sel ko ƙidayar sel masu rai. Dabarar da ta fi min kowacce kuwa ita ce ki cusa DNA a babban faranti guda ɗaya, washegari ki ɗaga sel ɗin ki gauraya ki rarraba su daidai cikin ramuka sannan ki zuba ganyen, kin ga duk ramukan sun fito daga tukunya ɗaya, bambancin shigar DNA ya ragu ƙwarai tun kafin a zo maganar Renilla.

Yanzu a ce kin duba kin ga Renilla na nan daram, makesu ne ya tashi da gaske. Har yanzu da sauran aiki, kuma wannan ɓangaren ne mutane suka fi tsallakewa. Lusifares enzayim ne, kuma sinadarai da yawa suna manne masa. An nuna a 2006 cewa resberatrol, sinadarin nan na fatar inabi, yana hana lusifares na makesu aiki kai tsaye, kuma ganyaye cike suke da 'yan uwansa. Za ki ce to ai in ya hana shi aiki haske raguwa zai yi ba ƙaruwa ba, to ga inda abin yake da rikitarwa: lusifares na makesu ba ya daɗewa a cikin sel, wajen awa 3 rabinsa ya lalace, amma in wani sinadari ya manne masa sai ya kare shi daga lalacewa ya yi ta taruwa, lokacin da kika fasa sel kika zuba lusiferin mai yawa sai sinadarin ya tsarma ya sake shi, hasken ya yi tsalle kamar an kunna furomota. Wannan ba hasashe ba ne. Akwai maganin da ake kira PTC124, wanda daga baya aka sa wa suna ataluren, an gano shi ne ta gwajin lusifares na makesu, sai a 2009 masu bincike a cibiyar lafiya ta ƙasa ta Amurka, NIH, suka nuna cewa yana manne wa lusifares ɗin yana tara shi, kuma da aka canza zuwa Renilla ba a ga wannan tashin ba. In haka ta faru da kamfanin magani mai kuɗi da kayan aiki, ruwan ganyen da ba a ma san sinadarai nawa ke ciki ba dole a tuhume shi.

Gwajin gano wannan ba tsada. Ki cusa pGL3-Control, wanda furomotar SV40 ke tuƙa lusifares iri ɗaya da naki, ki zuba ganyen a kai. In shi ma ya tashi ninki uku ko huɗu to ba furomotar gamma-gulobin ba ce, ko enzayim ɗin ne ko wani abu da ya shafi duk filasmid. Ki sa pGL3-Basic fanko shi ma, don yana da wuraren ɓoye a jikinsa da wasu furotin ke kamawa, wannan ne ma ya sa kamfanin Promega mai yin su suka fito da jerin pGL4 inda suka cire da yawa daga cikinsu, in kuna da pGL4.10 a lab ɗinku gara shi. Sannan ki ɗebi ruwan sel da aka riga aka fasa mai lusifares a ciki, ki ɗiga ganyen kai tsaye a rami ki karanta nan take, in haske ya sauka kin kama shi yana taɓa enzayim ɗin, ko kuma launinsa ne ke shanye hasken, don ruwa mai ja irin na zoɓo ko mai duhun kore yana iya tare haske, musamman shuɗin hasken Renilla na wajen nanomita 480. Ki wanke sel da ruwan gishirin PBS kafin fasawa, yana rage wannan sosai.

Sai babbar maganar, wadda ko duk na sama sun tafi daidai za ta tsayar da ke: HEK293T ba gidan gamma-gulobin ba ne. Na san dalilin da ya sa kika zaɓe shi, yana girma ba wahala kuma yana shan DNA fiye da kusan kowane sel, amma sel ne da aka samo daga ƙodar ɗan tayi, ba ya yin himogulobin, ba shi da GATA1 da KLF1 irin yadda sel masu zama jajayen ƙwayoyin jini suke da su, kuma su ne masu zama a kan wannan furomotar. Ƙari a kan haka yana ɗauke da babban furotin T na SV40 wanda ke ninka duk filasmid mai tushen SV40, abin da ke ƙara hargitsa lissafi. Akwai misali da ya shafe mu sosai a nan. Yawancin mutanen Afirka ta Yamma ba su da furotin Duffy a kan jajayen ƙwayoyin jininsu, ƙofar da maleriya nau'in vivax ta fi bi ta shiga, kuma a 1995 wasu masu bincike a Faransa suka nuna dalili: harafi ɗaya ne tak ya canza daga T zuwa C a cikin furomota, daidai inda GATA1 ke zama, kuma da irin wannan gwajin na filasmid ɗan rahoto suka nuna cewa canjin yana kashe furomotar a sel na jini. Su waɗannan mutanen kuma suna da Duffy ɗin a wasu sassan jiki kamar bangon jijiyoyin jini, don can ba GATA1 ke tuƙa ta ba. Furomota ɗaya, DNA ɗaya, amsa biyu, gwargwadon sel ɗin da aka tambaya. Da a sel marar GATA1 suka yi gwajin da ba za su ga bambancin ba.

Don haka ki nemi K562 in za ki iya samu. Shi sel ne na kansar jini da ke da halin jajayen ƙwayoyi, yana da GATA1, kuma an daɗe ana amfani da shi wajen gwada abubuwan da ke ɗaga gamma-gulobin irin su hemin da haidroksiyuriya da butiret, kin samu abin kwatanci da aka san yana aiki kenan. Amma ki san halinsa: yawo yake a ruwa ba ya manne wa faranti, ba ya shan DNA da sinadarin cusawa na Lipofectamine kamar HEK293T, yawanci sai an yi amfani da girgizar lantarki kafin a samu shiga mai kyau, kuma dama can gulobin na tayi da na jarirai yake yi, ba ya yin na manya, wato furomotar a kunne take a cikinsa. In tambayarki ita ce ko ganyen zai sake buɗe abin da jiki ya rufe bayan haihuwa, wanda shi ne ainihin abin da mai sikila ke buƙata, to HUDEP-2 ya fi dacewa, wanda aka samar a Japan aka wallafa a 2013, don shi himogulobin na manya yake yi, ko kuma sel CD34 na mutum, wato tushen ƙwayoyin jini, da aka raina har suka fara zama jajaye. Waɗannan suna da tsada da wahalar riƙo, ba lallai aikin digiri na biyu ya ɗauka ba, kuma ba laifi ki tsaya a K562 matuƙar kin faɗi iyakarsa a rubutunki.

Ki kuma sake duba guntun da kika liƙa. Ƙwayoyin gado biyu ne ke yin gamma-gulobin, HBG1 da HBG2, a kan kuromosom na 11, kuma furomotocinsu kusan iri ɗaya ne a haruffa ɗari biyu da wani abu na farko, firaimar da kika kwafo guntun da ita a PCR za ta iya kamo kowanne, don haka sai kin karanta jerin DNA ɗin filasmid kin san wanne ke hannunki, kin kuma tabbatar bai shiga a juye ba kuma PCR bai saka kuskure ba. A wannan yankin harafi ɗaya ba wasa ba ne. Wajen -115, wato haruffa 115 kafin inda karatun ƙwayar gadon ke farawa, nan ne furotin BCL11A ke zama yana danne furomotar, wajen -200 kuma ZBTB7A, an nuna wannan a 2018, kuma mutanen da suka gaji canji a waɗannan wuraren suna ci gaba da yin HbF har girmansu. Akwai kuma canjin -158 na HBG2 da ake kira XmnI, wanda ke tafiya da nau'in sikila na Senegal da na Larabawa da Indiya, masu HbF mai ɗan yawa. In daga jinin wani kika ciro DNA ɗin ya kamata ki san me yake ɗauke da shi a nan. Ki kuma tabbatar ba ki shigo da ATG na gamma-gulobin, haruffan da ake fara gina furotin daga kansu, a gaban na lusifares ba, don in ya shigo ba a kan layin karatu ɗaya da na lusifares ba zai danne hasken.

Ko komai ya yi daidai, makunnin da ke kan tebur ba shi da sauran wayoyin gidan. A cikin kuromosom furomotar nan tana aiki ne da wani yanki mai nisa da ake kira LCR wanda ke lanƙwasowa ya taɓa ta, tana gasa da furomotar beta-gulobin a kan wannan yankin, tana naɗe a jikin furotin histon, kuma ana yi mata alamar metil mai rufe ta a manya. Filasmid da ya fito daga E. coli ba shi da irin wannan alamar ta metil, yana shiga da kwafi masu yawa a wasu sel babu ko ɗaya a wasu, naɗinsa ma ba irin na asali ba ne. Shi ya sa masu wannan aikin da yawa suke haɗa guntun HS2 na LCR a filasmid ɗin, wasu kuma su dasa shi dindindin cikin kuromosom. Ki lura ma maganin Casgevy da aka amince da shi a Ingila da Amurka a ƙarshen 2023 bai taɓa furomotar gamma-gulobin ba sam, wani yanki mai ƙara ƙarfin BCL11A yake yankewa a wani kuromosom daban. Ganyenki zai iya aiki ta irin wannan doguwar hanyar, filasmid ɗinki a HEK293T ba zai taɓa gani ba, wato gwajin zai iya ba ki eh ta ƙarya kuma zai iya ba ki a'a ta ƙarya.

Maganar benci kuma, tunda na san yanayin da muke aiki. Lusifares na makesu ba ya son zafi, wajen digiri 20 zuwa 25 ya fi aiki, in ɗakin luminomita ya yi zafi irin na watan Afrilu kuma AC ba ya aiki lambobin za su yi ta sauka tun daga ramin farko zuwa na ƙarshe, don haka kar ki jera duk ramukan kwatanci a farko na ganye a ƙarshe, ki cakuɗa su. Ruwan lusiferin ki raba shi ƙananan kwalabe tun ranar da kika haɗa, ki ajiye a firiza mafi sanyi da ke da janareta, wanda ya narke ya sake daskarewa sau da yawa saboda ɗauke wuta ƙarfinsa raguwa yake, na Renilla kuma ki haɗa shi sabo ranar karatu, kuma duka ki bar su su kai zafin ɗaki kafin ki zuba. Farin faranti marar gani-ta-ciki za ki sa, mai garau yana barin hasken rami ya tsallaka maƙwabcinsa. Ki sa ramin sel da ba a cusa musu komai ba don ki san hasken banza nawa ne, in lambar furomotarki ba ta ninka wannan da ta pGL3-Basic sosai ba to rabon hayaniya kike rabawa da hayaniya. Abin da kika narkar da ganyen a ciki, DMSO ne ko etanol, dole ya shiga ramin kwatanci daidai gwargwado. Ki karanta tsakanin awa 24 zuwa 48 bayan cusawa. Kuma ramuka uku a faranti ɗaya rana ɗaya gwaji ɗaya ne, ba uku ba, sai kin maimaita a ranaku daban da sel daban aƙalla sau uku, zai fi kyau ma da filasmid da aka haɗa a lokuta biyu daban-daban, mai tsabta marar endotoksin. Ki gwada sel ɗinku ko suna da ƙwayar bakteriyar maikofilasma, tana canza halin sel ba tare da ruwan ya yi gurɓacewar da ido zai gani ba.

In kuɗi da lokaci sun yi kaɗan, ni da zan tsara miki sai in ce ki fara da lambobin asali da gwajin lafiyar sel a matakai huɗu ko biyar na yawan ganyen, sai pGL3-Control da Basic fanko, sai ki koma K562 ki zuba ganyen ba tare da wani filasmid ba ki auna mRNA na HBG na asali da qPCR, kina kwatanta da hemin ko haidroksiyuriya a gefe, in akwai hali ki auna HbF ɗin kansa da HPLC, irin na'urar da wasu manyan asibitocin koyarwa ke amfani da ita wajen tantance jinin sikila. In na asalin ya tashi, a nan ne filasmid ɗan rahoto zai yi miki aikin da aka ƙirƙire shi dominsa, ki riƙa gutsure furomotar daga baya, -400, -200, -130, ki ga a wane guntu amsar ganyen ta ɓace, sannan ki canza haruffa biyu ko uku a wurin da kike zargi ki sake gwadawa, kowane sabon filasmid kuma a karanta jerinsa kafin ya shiga sel.